Yaron da aka haifa a Jidda ba takarda: abin da aikin karɓar masu dawowa ya koya mini

Aikina a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kano shi ne sauraron matan da aka dawo da su daga Saudiyya, da cike musu takardu, da nemo danginsu. Da yawansu aikatau ya kai su ta hannun ejan, wasu kuma da bizar Umara suka shiga suka ƙi fita, su ne ake kira 'yan takari. Babban abin da na fahimta shi ne, kujerar jirgi ce mafi sauƙi cikin abin da gwamnati za ta yi wa macen da aka zalunta a can, domin abin da ke riƙe ta shekara da shekaru shi ne ɗan da ta haifa ba takarda.

Tsarin kafala na Saudiyya ya ɗaure iƙamar ma'aikaciya, wato takardar izinin zamanta, da sunan kafil ɗinta, wato mai gidan da ya ɗauki nauyinta, kuma gyaran da Saudiyya ta yi wa dokar ƙwadago a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Idan duka ko hana albashi ya sa ta gudu, kafil zai kai rahoton cewa ta tsere, daga nan ta zama abar nema alhali fasfonta na hannunsa. In ciki ya samu a wannan hali, ko ta auren da aka ɗaura a unguwa ba rajista, ko ta fyaɗe, tsoron asibiti take yi saboda za a tambaye ta iƙama da takardar aure, sai ta haihu a ɗaki.

Ita uwar ba ta da wuyar tantancewa: jami'in ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko Jidda zai tambaye ta garinsu da unguwarsu, ya ba ta takardar tafiya ta gaggawa. Yaron ne matsala. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to amma sai an tabbatar ita ta haife shi, sannan hukumomin Saudiyya su yarda ya fita. Ko afuwar kwana 90 da aka yi wa marasa iƙama a 2017 tara da hukunci ta yafe, ba ta samar wa kowane yaro shaidar haihuwa ba. Shi ya sa wata ba za ta miƙa kanta tarhil a Shumaisi, wato wurin tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ba, tana gudun a raba ta da ɗanta, mu kuma a gida muna cewa kwaɗayin riyal ne ya hana ta dawowa, wanda a ganina zalunci ne na biyu.

Na kuma koyi cewa tambayar "ina ubansa?" a gaban maza tana rufe bakin mace nan take. Idan mace ce ta zauna da ita a keɓe, ta ce mata "baiwar Allah, sannu da hanya", ta fara tambayar sunan yaron da abin da yake iya ci, labarin yakan fito da kansa.

Idan jirgi ya sauka, hukumar agajin gaggawa NEMA kan karɓe su, hukumar yaƙi da safarar mutane NAPTIP da aka kafa a 2003 ta ɗauki waɗanda aka yi safararsu, a ba da kuɗin mota, kowa ya kama hanyar garinsu. Yaron da ya fi jin Larabci a kan Hausa ya isa ƙauye ba shaidar haihuwa ba lambar NIN, ga shi tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita. Da Hukumar Ƙidaya za ta kafa teburi a filin jirgin Malam Aminu Kano ranar da ake saukarsu, da an yi wa kowane yaro rajista kafin uwarsa ta bar wurin, domin nemo ta bayan ta koma ƙauyensu aiki ne da kan ci watanni.