Abin da gwajin fata ya nuna

Yau likita ta jera ɗigon ruwan gwaji a hannun ɗiyata don gano abin da ke sa ta tarin dare da atishawa, ta ɗan soki fatar, ta ce mu jira minti 15. Ina kallo wuri ɗaya ya yi ja ya tashi kamar cizon sauro, sai ta duba alamar da ke gefensa ta ce na kyankyaso ne. Ashe tarin dare da atishawar nan daga kashin kyankyaso da yawunsa da saɓarsa suke, waɗanda ke bushewa su gauraya da ƙurar ɗaki har a shaƙe su.

Ta rubuta maganin borin jini da na fesawa a hanci, ta kuma hana mu feshin maganin ƙwari, domin shi ma yana tayar da asma. Gara gubar da ake ɗigawa a lungu, tare da toshe ramuka da rufe abinci da gyara famfo mai yoyo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko an kashe kyankyasan, ƙurar da suka bari za ta ci gaba da damun yarinyar har sai an goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.