Kafin ku sa hannu a kwangilar da ba a yi gasa ba

Ƙannena da kuka fara aiki a sashen bayar da kwangila ko na injiniyoyi a ma'aikatun gwamnati, akwai takardar da za ta riƙa zuwa teburinku duk shekara: sabunta kwangilar kula da manhajar da ke sarrafa injina, ko na tashar tace ruwa ko na wutar lantarki. Kamfani ɗaya ake miƙa wa ba tare da gasa ba, a ce babu mai iyawa sai shi. Wani lokaci haka ne. Toshe ɓarakar tsaro a manhajar WinCC sai kamfanin Siemens da ya yi ta, ta manhajar FactoryTalk kuwa sai kamfanin Rockwell. Amma da wannan 'yar gaskiyar ake fakewa a cusa sauran aikin gaba ɗaya.

Ku raba aikin gida biyu. Lasisi da sabunta manhaja na mai ita ne, su kaɗai za ku rubuta wa takardar hujjar rashin yin gasa. Ajiye kwafi, gyara allon kulawa, sauya na'urar PLC (ƙaramar kwamfutar da ke ba injina umarni) da ta ƙone, duk ƙwararren injiniya zai iya, don haka a fitar da su gasa.

Tun ranar da aka kafa tsarin ake ɗaure ma'aikata. Ɗan kwangila zai rubuta shirin da ke cikin PLC, ya kulle shi da lambar sirri, ya tafi da ainihin fayil ɗin. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ai za a janyo shi daga na'urar. A tsofaffin PLC irin su S7-300 ta Siemens, abin da zai fito lambobin adireshi ne zalla, ba suna ba bayani. Sai ka zauna gaban kwamfuta ka rasa wanne ne famfo na biyu, wanne ne bawul ɗin zuba sinadari. Ba a fafe gora ranar tafiya: a rubuta a kwangila cewa fayiloli da lambobin sirri na ma'aikata ne, lasisi da sunanta, kuma bayan kowane gyara a kawo sabon kwafi. Kafin ku amince a biya, a zuba kwafin a wata na'urar PLC da aka ajiye don ko-ta-kwana a gaban idonku, ku ga ya tashi.

Ku lura da kalmar "amsawa". In kwangila ta ce za su amsa cikin awa 4, ɗaga waya kawai ya cika sharaɗin, ko da injin zai kwana uku a tsaye. A rubuta lokacin da injiniya zai iso, da lokacin da aiki zai dawo, da abin da za a zaftare musu in sun saɓa.

Tunda babu gasar da za ta nuna farashi, ku nemi jerin farashinsu da shaidar abin da wasu suka biya, a ƙayyade iyakar ƙarin kowace shekara.

Ku tambayi ranar da za a daina tallafa wa abin da kuke amfani da shi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, kuma ɗan kwangila ba zai ƙi karɓar kuɗin kula da manhajar da ke zaune a kanta ba. In za su riƙa shigowa ta intanet su yi gyara, makullin ya zama a hannunku, a buɗe in za su yi aiki, a rufe in sun gama, a rubuta sunan wanda ya shiga.