Lambar yabon 'yan sa-kai bayan hawan Sallah: inda ake ɓata ta

Ƙungiyar da ke karrama 'yan sa-kai bayan hawan Sallah a Kano, babbar matsalarta ita ce wurin zaman masu zaɓe. Ranar Hawan Daushe, wato washegarin Sallah, shugabanni suna cikin rumfa a Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, don haka wanda suke gani shi ne mai riƙe igiya a bakin fili lokacin da hakimai ke jafi. Wanda ya wuni a hanyar Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar Sarki, yana tattara yaran da suka ɓace, ko 'yan agajin da suka ɗauki wanda doki ya taka, ba sa gaban kowa. Masu kwashe kashin dawaki da ledar ruwa bayan an watse kuwa, ko sunansu ba a tambaya.

Daga nan uban ƙungiya yake samun ƙofa. Shi ya biya kuɗin kambu da hayar kujeru, sai a kai masa jerin sunaye "ya sa albarka", jerin ya dawo da sunan ɗan ƙanensa a sama, yaron da ya zo bayan la'asar ya ɗauki hoto da rigar aiki ya tafi. Babu rubutaccen abin da za a ja da shi, sakatare ya yi shiru, aka tafa. Shekara ta zagayo, waɗanda suka yi aikin na gaske ba su karɓi riga ba, igiya ta rasa masu riƙewa ranar Hawan Nasarawa, wanda hanyarsa ta fi tsawo kuma rana ta fi duka. Har yau ana cewa wai matasan yanzu ne ba su da juriya.

Maganin takarda ce, a kuma cike ta a ranar. Kowane rukuni, na igiya, na ruwa, na yara, na jinya, na shara, a ba shugabansa rajista: suna, unguwa, lokacin zuwa, lokacin tashi, da layi ɗaya na abin da mutum ya yi. A karɓe ta da zarar an tashi aiki, domin idan ta kwana a aljihu sai an yi mata ƙari. Masu tantancewa su zama mutum 5, kada a sa mai neman lambar ko ɗan'uwansa. Su sa hannu, a kai sunaye wurin mai zanen kambu, sannan a sanar da uban ƙungiya. Idan yana son karrama nasa, a yi masa takardar godiya daban, ba laifi.

Kowane rukuni da tasa lambar yabon, in ba haka ba 'yan igiya za su riƙa cinyewa. A haɗa aikin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah a yi taro guda, kada a ba mutum ɗaya shekara biyu a jere. Mata masu tsaron yara a rubuta sunansu na yanka, ba "Maman wane" ba.

A tambayi mai suna yadda yake rubuta sunansa kafin a zana. Abdulƙadir da Abdulkadir sun sha jawo a sake kambu. A ba mai zane mako biyu aƙalla, domin bayan Sallah bukukuwan aure sun cika masa hannu. Kuma a haɗa kambun da abin amfani, ko da kuɗin mota ne da yadin shadda.