Na zaɓi mai gudu na bar mai ido, har yau abin na cina

Har yanzu in na buɗe manhajar fantasi ɗinmu ta ƙwallon Amurka, wasan da kake zaɓen 'yan wasan gaske kana samun maki daga abin da suka yi a fili, naga sunan Bucky Irving a ƙungiyar wani ba tawa ba, sai naji wani abu ya tokare min ƙirji, sama da shekara kenan amma abin yaƙi sakina. Yaron nan yana nan ba wanda ya ɗauka, layi yazo kaina, minti biyu aka bani, na kalli sunansa da idona na tsallake na danna Louis Rees-Zammit, ɗan zari-rugar Wales da ya koma ƙwallon Amurka. Mutumin da ke bayana ko sakan goma bai ɓata ba ya wawure Irving.

A Cardiff nake zaune, karatu ya kawoni aiki ya riƙeni, kuma duk wanda ya zauna a Wales yasan zari-ruga a wajen mutanen nan kamar dambe ne a wajen mahauta, gado ne, ranar da ake Six Nations, gasar zari-ruga ta ƙasashen Turai shida, a filin Principality ko hanyar wucewa baka samu a tsakiyar gari. Nima na buga shekara uku a ƙaramar ƙungiyar jami'a, a gefe nake tsayawa lamba 14, gurbin masu gudu, gurbin da shi Rees-Zammit ɗin yayi suna a kansa. To kunga inda matsalar ta faro, ina ganin nasan abin da sauran basu sani ba.

Gasar tamu ta ƙwallon Amurka ce, NFL, mu 12 ne a wajen aiki kowa fam 25 duk shekara. Ba irin FPL bace, fantasin Premier League, da kowa zai iya sa duk ɗan wasan da yake so a ƙungiyarsa, in kayi kuskure ka buga wildcard ka canza 'yan wasanka gaba ɗaya ka wanke hannunka. Anan ɗan wasa ɗaya na mutum ɗaya ne, kuma tamu irin wadda ba'a rushewa ce, wanda ka ɗauka naka ne shekara da shekaru sai dai in ka sakeshi ko kunyi musaya da wani. Duk watan Mayu muke zaɓen sababbin shiga, zagaye huɗu. A zagaye na uku na 2024 nayi wannan aika-aikar.

Hujjata a lokacin wallahi ina ganinta kamar dutse. Yaro ɗan shekara 23, ya bugawa Wales wasa 32, yaje Afirka ta Kudu da British and Irish Lions, zaɓaɓɓun 'yan wasan Birtaniya da Ireland, a 2021, a gasar cin kofin duniya ta 2023 shi kaɗai ya sauke ƙwallo sau uku a bayan layin Jojiya, ni na kalla. A Janairun 2024, ranar da za'a fitar da sunayen 'yan wasan Wales, ya sanar ya bar Gloucester ya bar zari-ruga ya tafi Amurka. A Maris aka gwada gudunsa a yadi 40 yayi sakan 4.43, Kansas City Chiefs suka ɗaukeshi, masu riƙe da kofi a lokacin, gidan koci Andy Reid da tauraronsu Patrick Mahomes, ga kuma sabuwar dokar bugun farko da aka kawo a shekarar wadda kowa ke cewa masu gudu zasu ci kasuwa. Shi kuma Irving fa? Ranin-bak ne, wato mai karɓar ƙwallo ya ruga da ita, gurbin da Chiefs suka sa Rees-Zammit, amma gajere, bashi da nauyi, a nashi gwajin 4.55 yayi, har saida aka kai zagaye na huɗu na zaɓen NFL kafin Tampa Bay su ɗaukeshi. Na ajiye lambobin biyu gefe da gefe, 4.43 da 4.55, nace magana ta ƙare.

Akwai wani dattijon Ba'amurke a cikinmu, ɗan Ohio, tun kafin a haifeni yake kallon wasan nan. Ana gobe zaɓe muna shan shayi na faɗa masa shirina, ya girgiza kai yace min in tuna da Christian Wade. Na sani sarai, ɗan wasan Wasps da Ingila ne, a Agustan 2019 ƙwallon farko da Buffalo Bills suka miƙa masa a wasan share fage ya ruga yadi 65 har gida, bidiyon ya zaga duniya, bayan nan ko wasan gasa ɗaya bai buga ba har ya koma zari-ruga. Nace masa ai ga Jordan Mailata, ɗan zari-rugar da yayi nasara a NFL. Yace to. Bai ƙara komai ba, kuma wannan "to" ɗin har yau ina jinta a kunnena.

Ko Yayana dake Kano da bai taɓa kallon NFL ba saida ya gano abin da ni ban gano ba. Na kirashi ina ta zuba, yace "kai ƙanena, ka manta Usain Bolt ne? Duk duniya ba wanda ya kaishi gudu, yaje Ostireliya gwajin ƙwallon ƙafa a 2018, ina ya ƙare?" Nace Yaya wannan daban, zari-ruga da ƙwallon Amurka ai ɗanjuma ne da ɗanjummai, ƙwallo mai kama da ƙwai, ka runguma ka ruga, a kayar dakai. Yace shikenan Allah ya bada sa'a.

Ba ɗanjuma da ɗanjummai bane, sam. Abin da ya haɗasu siffar ƙwallon ce kawai da faɗuwa ƙasa. Saida aka fara wasannin share fage a Agusta na zauna da tsakar dare ina kallo ina maida bidiyo baya sannan na fara fahimta, lokacin kuma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A zari-ruga haramun ne abokin wasanka ya tsaya gabanka ya tare maka abokin gaba, alƙali zai hura, saboda haka tun kana yaro abin da idonka ya koya shine neman fili, ina babu kowa, can zaka nufa, kuma mu 'yan gefe yawanci ƙwallo na isowa hannunmu muna cikin gudu ciyawa shimfiɗe a gaba. A NFL kuwa ranin-bak yana karɓar ƙwallo ne daga tsaye a bayan ƙattai biyar nasa masu ture wasu ƙattan, ƙofar da zai bi bata ma buɗe ba tukuna, dole ya rage gudu ya lallaɓa ya nufi wani waje da gangan don ya ja mai tsaron can, sannan ƙofar ta buɗe na ƙiftawar ido a wani wajen ya kutsa yana duƙe. Wanda ya saki gudu tun farko bayan mutanensa zai daka. Anan ne naga ma'anar sauri ya haifi nawa ƙiri-ƙiri. Wannan haƙurin ba'a auna shi da agogon gwaji, kuma shine abin da Irving yake dashi, yaron da tun sakandare a kusa da Chicago yake wannan aikin, a jami'ar Oregon ya wuce yadi 1,000 shekara biyu a jere. Duk wannan yana rubuce a gabana ranar zaɓen, na karanta, amma 4.43 ta rufe min ido.

Sannan akwai aikin da ba'a sawa a bidiyon TikTok. Wani lokacin ranin-bak ba ƙwallo za'a bashi ba, gadin kwatabak zaiyi, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo irin Mahomes, ya gane cikin mutum 11 wa zai ɓullo da gudu ya tareshi da ƙirji. In ya kuskure sau ɗaya an kwantar da Mahomes, mutumin da aka sawa hannu a kwantiragin dala miliyan 450 a 2020. Wane koci ne zai damƙa amanar wannan ga wanda watanni biyar da suka wuce bai taɓa sa hular kwano ba? Ga kundin dabaru mai ɗaruruwan kira da dole ka haddace, kwatabak ya canza kira ana saura sakan biyar kai kuma ka gane nan take. Ni da nake tunanin ranar farko za'a miƙa masa ƙwallo ace ruga.

Ƙarshen Agusta da aka rage 'yan wasa zuwa 53 Chiefs suka sakeshi, Jacksonville Jaguars suka sashi a rukunin 'yan atisaye suka maidashi mai cafe ƙwallo. Abin da yafi ƙona min rai, sati na biyu da fara gasa Isiah Pacheco, babban ranin-bak ɗin Chiefs, ya karye a ƙafa, gurbin da nake mafarki ya buɗe, sai suka kira Kareem Hunt wanda yasan gidan yasan aikin. Shi kuma Irving ya gama kakar da yadi 1,122 a ƙasa da tocdawun 8, wato kai ƙwallo bayan layin abokan gaba sau 8, banda abin da ya cafe. Duk Lahadi ina kallon makinsa na shiga asusun mutumin da ke bayana a layi. Wasa ɗaya ya hanani shiga zagayen ƙarshe a Disamba, wasa ɗaya, kuma gurbin ranin-bak na biyu ne ya kasheni duk kakar ina ta tsince-tsince. Ba fam 25 ɗin bane damuwata, a irin gasarmu kuskuren baya ƙarewa da kaka, yaron na wancan ne har sai ya gaji dashi.

Mailata ɗin da na kafa hujja dashi ma ban karanta labarinsa daidai ba. Eh daga zari-rugar Ostireliya yazo, Philadelphia Eagles suka ɗaukeshi a zagaye na bakwai a 2018 bai taɓa buga wasan ba, kuma a Fabrairun 2025 yaci Super Bowl, wasan ƙarshe na kofin NFL, akan Chiefs ɗin ma, 40 da 22. Amma kaka biyu cur, 2018 da 2019, bai taka fili a wasan gasa ba, yana hannun koci Jeff Stoutland ana koya masa yadda ake ajiye ƙafa da hannu. Kuma irin jikinsa a duniya ma ƙalilan ne, masu gudun 4.4 kuwa NFL cike take dasu, duk shekara jami'o'i na zubo wasu. Ga shi gurbin da yake bugawa, cikin ƙattan nan masu turi a gaba, ko maki ɗaya baya kawowa a fantasi. Misalin da na riƙe da hannu biyu ashe gargaɗi ne.

Abu ɗaya da bazan yarda dashi ba shine masu cewa wai wannan ya nuna 'yan zari-ruga ƙarfi da gudu kawai garesu babu fasaha. A wajen aiki an faɗa min haka yafi sau goma kuma duk lokacin raina ɓaci yake. Ku ɗauko ƙaton NFL ku cire masa sulke da hular kwano, ku ce minti 80 zaiyi, shi zai kai hari shi zai kare, zai jefa ƙwallo baya da hannun hagu da na dama yana cikin gudu, zai kayar da mutum da hannuwa a zagaye ba da ka ba, babu koci a kunne babu tsayawa bayan kowane sakan shida, mu gani. Fasaha ce tasu daban, ta shekara goma sha, kuma Rees-Zammit gwaninta ne. Yaron yayi jarumta da ya gwada, laifin nawa ne da na ɗauka jiki ke tafiya da fasaha duk inda yaje.

Kuskurena na biyu taurin kai. Maimakon in sakeshi tun Agusta in ɗauko wani, na riƙeshi a benci shekara guda ina cewa sai a kaka ta biyu zai fashe, gurbi ɗaya a banza a gasar da kowane gurbi zinare ne. In kuna irin wannan gasar don Allah ranar da ƙungiyarsa ta gaske ta sakeshi kuma ku sakeshi. Kuma kafin ku kalli sakan nawa mutum yayi, ku fara duba shekara nawa yayi yana wannan aikin a wannan gurbin, sau nawa kocinsa na jami'a ya yarda ya bashi ƙwallo. A zaɓen 2025 ko buɗe shafin gwajin gudu banyi ba sai da na gama jera sunayena.

Ƙarshen Yulin 2025 ya sanar ya dawo zari-ruga, a ranar na cireshi daga ƙungiyata, daga baya Bristol Bears suka ɗaukeshi. Daga Cardiff zuwa Bristol bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, na riga nayi niyya zanje Ashton Gate in kalleshi a wasan da ya iya. Shi kuwa mai Irving, na miƙa masa zaɓena na zagayen farko na 2026 sukutum ya bani yaron, yace ko na haɗa da na 2027 bazai bayar ba.