Ranar da na raka Baba Fasto wurin likita

Alhamis, da dare.

Da asuba Mama ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce Baba ya yarda. Wata biyu ke nan muna lallashinsa, kullum amsarsa ɗaya: “Addu'a ta isa, ɗana.” Ko koko ban tsaya sha ba, na tari kabu-kabu.

Na iske shi bisa tabarma a gindin dogon yaro, Littafi Mai Tsarki buɗe a cinyarsa, amma idonsa na kan katanga. Kwaryar furar jiya tana gefe, ko ludayi bai tsoma ba. Mutumin nan shi ya yi mini baftisma, shi ya ɗaura mana aure. Tun lokacin da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai cikin Janairun 2015, shi ke bin gida-gida yana kwantar mana da hankali. Sai yau Mama ta faɗa mini cewa har yanzu in babur ya tsaya ƙofar gida cikin dare, zumbur yake tashi, ba ya komawa barci.

Likitan bai yi gaggawa ba. Ya tambayi barci, ya tambayi cin abinci, ya tambaya ko abin da yake jin daɗinsa a da ya fita ransa. Sannan ya ce, “Baba, ka taɓa jin gara mutuwa?” Baba ya daɗe shiru, ya ce yakan roƙi Ubangiji ya ɗauke shi ya huta. Jikina ya yi sanyi. Kowace Lahadi ina zaune kusa da shi, ban taɓa sani ba.

Likitan ya ce ciwon damuwa ne. Baƙin cikin da ya zarce mako biyu, ya hana barci da ci da aiki, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. Ya ja kunnenmu cewa ƙwayar takan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kada a yar da ita a ce ba ta yi ba. Ya kuma haɗa shi da wata masaniyar halayyar ɗan Adam da za su riƙa zama suna magana. Baba ya ce, “To, addu'ata fa?” Likitan, Musulmi ne, ya ce, “Kada ka fasa ko sau ɗaya, Baba. Ka haɗa da wannan.”

A hanyar dawowa Baba da kansa ya tuno da Iliya, a 1 Sarakuna sura 19. Annabi sukutum ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, Allah kuwa bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha har sau biyu, magana sai daga baya a dutsen Horeb. Baba ya ce ya yi wa'azin wurin nan ba adadi, bai taɓa ganin kansa a ciki ba.

Abin da ke cin raina shi ne halinmu. Mai gyambo mu kai shi asibitin Danja, mai bukatar tiyata mu kai shi Galmi, asibitin da ƴan mishan suka buɗe tun 1950, ba wanda ke cewa bangaskiyarsa ta yi rauni. Amma da an ce ciwon a zuciya yake ko a kai, sai a fara raɗa, wai aljanu ne, wai zunubi ne a ɓoye. Balle a ce fasto ne. Mu dattawa kuma mun jibga masa wa'azi, jana'iza, sulhun ma'aurata, ziyarar ƙauyuka har bayan Tibiri, alhali mun san shawarar da Yetro, surukin Musa, ya ba shi, cewa ya raba kayan.

Da yamma mun zauna mu huɗu mun raba. Wa'azin Lahadi uku masu zuwa ya faɗo kaina, gabana na faɗuwa, amma na karɓa. Baba ya yarda in rubuta wannan, ban da suna.

Yanzun nan Mama ta aiko saƙo: ya sha rabin furarsa, ya kwanta. Gobe ƙarfe bakwai zan leƙa.