Tsatsar da madubin gwaji ba ya nunawa

Talata, bayan isha'i.

Samfurin maniyyi shida aka kawo ɗakin gwaji yau, biyu ba su karantu ba. Ɗaya ya yi awa uku a hanya cikin wannan rana, ɗayan kuma a kwaroron roba aka tara shi, man jikin robar ya kashe ƙwayoyin. Ƙa'idar ba ta da wuya: namiji ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya tara duka a kwalbar da aka ba shi, don kason farko ne ya fi ƙwayoyi, in ya zube lissafi ya ɓaci. Sannan ya kawo cikin awa ɗaya, a jikinsa, ba a rana ba, ba kusa da ƙanƙara ba.

Na huɗu ne ya tsaya mini a rai. Yawansa ya zarce miliyan 16 a mililita ɗaya, masu ninƙaya gaba sun haura kashi 30 cikin ɗari, wato ya tsallake ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021. Amma fararen ƙwayoyin jini da ke cikin maniyyin sun wuce miliyan ɗaya a mililita, wato sun yi yawa, kuma takardar likita ta nuna matarsa ta yi ɓari sau biyu. Na tabbata a gida ita ake kallo.

Fararen ƙwayoyin nan suna yaƙar cuta ne da ɓurɓushin oksijin masu ƙuna. Kaɗan daga ciki maniyyi na buƙata don ya iya huda ƙwai. In suka fi ƙarfin garkuwar da ke cikin ruwan maniyyi, sai su riƙa cin ƙwayar kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Tun 1943 John MacLeod ya lura da haka a Amurka. Fatar ƙwayar maniyyi cike take da kitse mai saurin lalacewa, ƙwayar kuma ta zubar da kusan duk ruwan cikinta lokacin girma, tare da sinadaran da za su kare ta. Sai wutsiya ta yi sanyi, DNA, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar, ya tsattsinke. Ƙwayar maniyyi ba ta iya kammala gyara da kanta, ƙwan mace ne ke ƙarasawa, shi ma ƙarfinsa na raguwa da shekaru.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa. DNA kamar babbaƙu ne a allo, alamomin metil, wani ɗan sinadari da ke manne a kansa, su ne farfaru: baƙi bai canza ba, amma in wasali ya goce, karatu ya canza. A maniyyi wani furotin mai suna furotamin ne ke ƙunshe yawancin DNA, ƙanƙanin kaso ya rage a naɗe da wani furotin mai suna histon, kuma wannan sashen ya fi buɗewa ga ɓarna. An sha samun raguwar metil a wani gurbi na DNA mai suna H19 wajen maza masu ƙarancin maniyyi, an kuma ga sigari na sauya waɗannan alamomi.

Shawarata ga likitansa ita ce a nemo tushen wutar. A yi gwajin rainon ƙwayoyin cuta a maniyyi da fitsari a ga ko akwai ƙwayar cuta, in akwai a yi maganin su biyun. A duba shi a tsaye don kumburin jijiyoyin maraina, wanda ke samun kusan kashi 15 cikin ɗari na maza, galibi a hagu, yana tara jini ya ɗumama wurin da ya kamata ya fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3. A tambaye shi sigari, shisha, feshin maganin ƙwari ba kariya, doguwar tuƙi, aikin gaban wuta, da zazzaɓin cizon sauro na kwanan nan. Allurar testosteron, wato sinadarin namiji, kuwa tana iya tsayar da samar da maniyyi gaba ɗaya.

Tarin ƙwayoyin bitamin da ake saye a kemis ba na yarda da su su kaɗai. Wani binciken Amurka mai suna MOXI a 2020 bai ga sun gyara maniyyi ba, kuma in suka yi yawa suna kashe har ɗan ɓurɓushin da ake buƙata.

Ƙwayar maniyyi na ɗaukar kwana 74 kafin ta ƙosa, sai kusan mako biyu na hanya. Don haka na rubuta masa ya dawo bayan wata uku, a haɗa da gwajin tsinkewar DNA, wannan karon da ƙauracewar kwana biyu kacal.