Abin da siginar Wi-Fi ta nuna mini a cikin gidanmu

A shekarar ƙarshe ta karatuna na injiniyan lantarki na zaɓi aikin gano motsin mutum ta hanyar siginar Wi-Fi, da niyyar haɗa abin da zai sanar da iyali idan dattijo ya faɗi a ɗaki shi kaɗai. Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin allon lantarki mai kama Wi-Fi da ake kira ESP32, da na'urar rarraba intanet ta gidanmu, da kwamfutata. Jikin ɗan Adam yana shanye wani ɓangare na siginar yana kuma karkatar da saura, shi kuwa ESP32 yana fitar da bayanan yadda ta iso masa, waɗanda ake kira CSI, ta yadda kowane motsi yake barin alama.

Na bar na'urar tana aiki mako guda. Da na zauna duba sakamakon, sai na ga kowane dare wajen ƙarfe uku zanen siginar yana hawa yana sauka cikin tsari na tsawon mintoci, sannan ya lafa. Na jima ina zargin matsalar wuta kafin na fahimci cewa Umma ce ke tashi nafila, kuma ɗakinta yana tsakanin ESP32 da na'urar intanet. Ibadar da ta shekara da shekaru tana ɓoyewa ce na tarar a allon kwamfutata, alhali ban nemi izininta ba. Da na gaya mata, sai ta ce, "Ai da ka fara tambayata, ɗan nan." A ranar na goge bayanan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo daga baya, lokacin da na lura allon ESP32 yana kama siginar maƙwabta ma. Kowace na'urar rarraba intanet tana shelar kanta kusan sau 10 a daƙiƙa, kuma karɓar shelar ba ya buƙatar kalmar sirri, domin tsare-tsaren tsaron Wi-Fi, wato WPA2 da WPA3, suna kulle saƙon da ke cikin siginar ne kawai, ba sa ɓoye sawun da jiki ya bari a kanta. Tun 2013 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Dina Katabi, suka nuna ana iya gano motsin mutum ta bayan bango, kuma a 2025 aka amince da ƙa'idar Wi-Fi mai suna IEEE 802.11bf da za ta sa wannan ya zama aikin yau da kullum na na'urorin. A gidajenmu, inda zaure da katanga suke kare suturar mata, wannan babban lamari ne, musamman da yake ɓarawo ma zai so sanin lokacin da gida ya zama babu kowa.

Na sake tsara aikin. Yanzu allon yana sauraron na'urarmu kaɗai, ba ya ajiye komai sai gargaɗin faɗuwa, kuma na janye na'urar intanet daga bangon waje na rage mata ƙarfi. Kafin na sake kunna shi, sai da na nemi yardar kowa a gidan, har da yarinyar da ke taya Umma aiki.